Dalilin da Ya Sa Dutsen Gardama Ya Yi Ja

Dalilin da ya sa Dutsen Gardama yake jawur, hawa kan hawa kamar an jibge tabarmi, ku matso kusa, yara, ku ji.

A da can ba dutse ba ne. Tulin farin yashi ne tsakanin unguwanni biyu, kowa ya zo ya ɗiba, ba mai cewa uffan. Sai bangon ɗakin wani magini mai suna Barau ya tsage. Ga damina ta kawo kai, ga matarsa Tabawa da tsohon ciki. Ya koro jakinsa zai ɗebi yashin yaɓe.

Shi Barau ladabi ya yi masa yawa. A gindin tulin ya tarar da Mai Unguwa Jatau yana shan iska, sai ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in ɗan ɗiba."

Ba a taɓa neman izinin Jatau a kan yashi ba. Abin ya yi masa daɗi. Ya gyara rawani ya ce, "Ɗebi, ai nawa ne."

Ashe Ɗantani, mai unguwar ɗaya gefen, yana wucewa. Ya ja birki.

"Naka? Tun yaushe?"

Nan take kowa ya kirawo dattawansa, suka hau kan tulin suka zauna shari'a. Barau ya ga abin zai ja, ya ruga ya sayo jan goro don zukata su yi sanyi. Goro kuwa sai ya ƙara wa baki ƙarfi. A tauna, a yi musu, a tofar. Washegari ma haka. Ruwa ya sauko ya danne jan tofin cikin yashi, rana ta gasa shi, iska ta kawo sabon yashi ta rufe, dattawa suka dawo suka hau.

Ɗakin Barau ya faɗi. Tabawa ta haihu a gidan maƙwabta.

"Malam, ka daina kai musu goron nan," in ji ta.

"Haba Tabawa, an kusa gamawa."

Sai da furfura ta fito masa aka yanke cewa yashi na kowa ne, kamar yadda yake tun farko. Barau ya zo da murna, ya kai sara da fartanya. Ƙau! Fartanya ta karye. Yashi ya zama jan dutse, har da kwarmin inda kowane dattijo ya zauna.

Jatau da Ɗantani suka ɗaga kai suna kallo.

"Kai, mun yi aiki," in ji Jatau. "Kada wanda ya taɓa shi."

"Gaskiyarka," in ji Ɗantani.

Shi ya sa har yau dutsen yake ja, hukuma ta sa masa masu gadi, baƙi na zuwa daga nesa suna ɗaukar hoto suna yaba hikimar magabata. Barau kuwa can rafi ya gangara ya cika mangalarsa, bai tambayi kowa ba.