Guzurin Shekara Guda a Teku

An ce wani sarki da ƙasarsa ta yi iyaka da teku ya ƙudiri sanin abin da ke bayan ruwan. Ya sa aka ƙera babban jirgi, ya zaɓi matuƙa sittin, ya ɗora ɗansa Mu'azzam a kansu. Waziri ya shirya guzurin shekara guda, ya raba shi ɗaki biyu: alkama da zuma da man shanu na yarima da manyan jirgi, dawa da gishiri na masu tuƙi.

Da tafiya ta matso, hankalin sarki ya ƙi kwanciya, don ɗan nan shi kaɗai gare shi. Aka ba shi labarin wani tsoho mai ɗinkin taru, Jatau, wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya yana saurayi. Sarki ya aika aka zo da shi.

Sarki ya ce, "Wane guzuri ke kai mutum shekara a kan ruwa?"

Jatau ya ce, "Ya sarki, abu uku ne: mataccen da ba ya ruɓa, mai tsamin da ke tsare haƙora, da ƙofar da ba ta da makulli."

Sarki ya ce, "Na farko kilishi ne, na biyu tsamiya da lemon tsami. Na uku kuwa ai ba abinci ba ne."

Tsoho ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu arba'in muka tashi, mu shida muka komo. Ran da muka sauka, akwai sauran alkama jibge a ɗakin manya, a kulle. Yunwa ta karya masu tuƙi, manyan kuwa ba su iya tuƙi ba. Ƙanena na cikin waɗanda muka jefa a ruwa."

Sarki ya sunkuyar da kai. Nan take ya ce a cire katakon da ya raba ɗakunan, a haɗe guzurin.

Waziri ya ce, "Ya sarki, ɗanka zai ci dawa?"

Sarki ya ce, "Zai ci."

Jirgi ya tafi. Shekara ta cika ba labari, aka ƙara wata uku, har sarki ya fara fid da rai. Rannan da hantsi sai aka hango jirgin. Sarki ya fito gaɓa ba ko takalmi, yana duban masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɓace. Daga ƙarshe yarima ya sauko a rame, hannuwansa duk kanta.

Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, iska ta ɗauke mana kwana hamsin, da ƙarfin damtse muka fito. Da zazzaɓi ya kayar da ni, matuƙan ne suka riƙa tsakura mini daga rabonsu."

Sarki ya zauna a kan rairayi, ya daɗe riƙe da hannun ɗansa. Can ya dubi waziri ya ce, "Kowane guzuri raba shi ke rage shi, ban da adalci."