Hatsin da Na Raba a Ordinatar

Wallahi ko Alƙur'ani na dafa ba za ku yarda ba. Ni Sallau, wanda aka kora daga lakwal tun aji biyar, na taɓa tayar da ƙauyuka uku da yatsa ɗaya. Shekarar da fara da fari suka haɗu suka cinye gero ne. Aikina tsokana, wurin zamana sibar ɗin Kyari, shagon da ake hayar ordinatar, wato kwamfuta, a unguwar Birni ta Damagaram.

Wata rana na buɗe shafi a intanet wajen masu bayarwa kyauta, na rubuta cewa wata ƙungiya za ta raba hatsi ranar Alhamis a unguwar Kara-Kara. Na aika wa duk adireshin da na tsinta, har na sakatarorin meri, wato ofisoshin magadan gari. So nake in ga manya suna gumi cikin manyan riguna.

Kyari ya leƙo ya ce, "Kai ɗan nema, goge wannan!"

Na ce, "Sai gobe, maigida."

Gari ya waye, lambar sirri ta ɓace mini. Sau huɗu muna rubuta wa masu shafin, shiru.

Kyari ya ce, "Ba za su goge ba. Dubi tallan da suka liƙa bisa ƙaryarka. Kowa ya buɗe, su ke cin riba. Ka taɓa ganin mai kasuwa ya kori mai tara masa jama'a?"

Ranar Alhamis babu babba ko ɗaya. Ashe sakataren merin Dakusa shela ya sa aka yi a ƙauyuka uku. Mata ne suka zo a ƙasa, da buhuna wofi a ka. Cikinsu har da gwaggona Wasila, wadda ta goye ni. Irin shukarta ta daka ta yi wa jikoki kunu, tunda hatsi na jiran ta a Damagaram.

Bakina ya tona ni, don na riga na cika shi a wurin shayi. Aka ja ni gaban mai unguwa. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Sallau, kai ne ƙungiyar?"

Mai unguwa ya ce a sayar da babur ɗina a sayi iri, in bi su Dakusa a ƙasa, buhun a kaina.

Darasi: wanda ya ba ka rumfa kyauta kuma bai tambayi me kake sayarwa ba, da kai yake ciniki. Kuma kada ka yi wasa da yunwa, don ba ka san ƙofar wa za ta faɗa ba.