Sarki Mai Ƙafar Yawo da Rumbunan Hanya

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya rushe tare da ganuwarta, an yi wani sarki ana ce masa Nomau. Allah ya ba shi kome, ya haɗa masa da ƙafar yawo. In ya daɗe a fada sai ka ga ya rame kamar mai jinya. Amma fitarsa guda takan cinye taska ƙarƙaf, don sai an ɗora wa raƙuma guzurin fadawa da barori da 'yan rakiyar cin tuwo, in ya dawo kuma ya tarar da shari'u sun taru har sun yi tsami. Saboda haka sai ya yi shekaru bai leƙa bayan gari ba. Wazirai biyu ya sa aka fille wa kai a kan wannan magana.

Ranar da aka naɗa na uku, Mantau, jinin na biyu bai gama bushewa a ƙofar fada ba. Sarki ya ce, "Waziri, ina so in riƙa fita duk kaka da bazara, taska ba ta girgiza ba, aiki bai kwanta ba. In ka kasa, ka dai ga hanyar da 'yan'uwanka suka bi."

Mantau ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya koma gida ya yi ta saƙa da warwara, har ya gano bakin zaren. Ya raba aiki, shari'a ga Alƙali, tsaron gari ga Galadima. Ya hana a riƙa jido hatsin haraji zuwa birni ana sake kwasarsa a raƙuma. Ya ce kowane yanki ya gina rumbu a zangon da sarki zai sauka, ya zuba nasa a nan. 'Yan rakiya kuwa ya zaftare su. Rumbun zangon farko ya damƙa shi a hannun ƙanensa Bawa, don duk duniya ba shi da amini kamarsa.

Kowa ya yaba, ban da Ma'aji Cindo. Shi ne mai haɗa guzuri tun fil azal, a jikin wannan aiki ya ajiye tumbi ya gina gidaje. Ya yi wa Waziri barka a fada, ya je gida ya wasa wuƙa.

Da kaka ta yi sarki ya fita. Suna dosar zangon farko da hantsi, sai ƙauri ya tare su. Rumbu ya zama toka. Masu gadi na kwance an yi musu yankan rago, Bawa kuwa an rataye shi a reshen tsamiya, an farke masa ciki, ungulaye sun fara sauka. Mantau ko damar kuka bai samu ba, don sarki ya riga ya harzuƙa.

"Tsarin naka ke nan, Waziri? Ka fito da ni daji ka ciyar da ni toka?"

Dogarai suka tuɓe shi, suka ɗaure shi a jikin tsamiyar, suka yi ta zabga masa dorina har fatar bayansa ta tsattsage. Hauni, mai sare kai, ya zare takobi.

Sai ga Cindo ya durƙusa da ƙwarya. "Allah ya huci zuciyar sarki. Bawanka bai cika yarda da sabon abu ba, shi ya sa na taho da ɗan geron gidana. Ga fura an dama. A jiƙa maƙoshi tukuna, ai kan Waziri ba gudu zai yi ba."

Al'adar fadar nan, duk wanda ya kawo wa sarki abinci shi ke fara ci a gabansa. Cindo ya cika ludayi ya shanye, ya ƙara, har da lasar leɓe.

Mantau kansa a sunkuye, jini na bin ƙafafunsa, idonsa na kan tokar. Ya san cikakken rumbu ba ya cinyewa haka. Hatsi kan daɗe yana ci ta ciki, ya bar baƙar tsaba tuli. Wannan kuwa fara ce fat, tokar kara da ciyawa. Ashe an kwashe geron kafin a cinna wuta. Ga kuma wani da gero a tsakiyar daji.

Ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a sare ni, a bar ni in sauke nauyi. Wuta ba ta ci geron nan ba, sace shi aka yi. Ni kuwa saboda ɓarayi na sa an jiƙa dammunan sama da dafin kibiya. A yi shela, don duk wanda ya sha shi, in bai amayar yanzu ba, ba zai ga la'asar ba."

Sarki ya tsaya da ludayi a hannu. Cindo ya yi murmushi, murmushin ya ƙi zama. Gumi ya keto masa, ya shafa ciki, ya daure, ya ƙara daurewa. Amma rai daɗi gare shi. Sai ya zura yatsa a maƙogwaro, ya kelaya amai a kan shimfiɗar sarki.

Sarki ya dube shi ya ce, "Ma'aji, ashe geron gidanka ma dafi gare shi?"

Kafin ya haɗa ƙarya, barorinsa sun zube suna tonon asiri, kowa na nuna wanda ya riƙe wuƙa. Aka kwance Mantau, aka ɗaure Cindo a gurbinsa. Hauni sara ɗaya ya yi, kan ya gangara cikin toka. Waɗanda suka yi yankan aka bi da su ɗaya bayan ɗaya, dukiyar Ma'aji kuwa aka mayar da ita rumbunan hanya.

Sarki ya ce, "Waziri, akwai dafin kuwa?"

"Ko ɗigo babu, ranka ya daɗe."

Kunya ta kama sarki, ya tuɓe alkyabbarsa ya rufa masa a baya. Mantau bai tsaya godiya ba. Ya hau tsamiya da raunukansa, ya sauko da ƙanensa da hannunsa, a nan ne kukan ya zo masa.

Tun daga ranar tsari ya zauna. Sarki Nomau na fita duk kaka da bazara, taska a cike, shari'a na tafiya. Waziri Mantau na tare da shi a kowace fita, sai dai har ya koma ga Allah, ba a taɓa ganin ya sa wani abu a bakinsa a zangon farko ba.

Nan hikayar ta tsaya, Allah ya tsare mu da mai yi mana barka da wuƙa a aljihu.