Yadda Langa Ta Ci Ƙafar Nomau

Tun kafin hanyar mota ta ratsa ƙasar nan, wani maharbi mai suna Ɓaidu ya sare kurmi ya kafa Tungar Ɓaidu. Ana masa kirari da Baƙin Gwanki, Dodon Dawa. An ce kibiyarsa takan kwana uku tana bin ɓauna har ta same ta. Amma wallahi mutumin nan ba shi da imani ko kaɗan.

Shi ya kafa ƙungiyar langa ta garin. 'Yar ƙungiyar ƙauye ce, amma ta fitar da gwanaye: Jatau Guguwa, mai kayar da mutum biyu da kafaɗa ɗaya, da Nomau, ɗan ƙanwar Ɓaidu, wanda in ya kama ƙafa ya soma tsalle sai ka ce fara.

Wata shekara mutanen Tungar Ɓaidu suka yi rigima da mutanen Gidan Dogara kan fadama. Dattawa suka ce langa ta raba, daga hantsi zuwa faɗuwar rana, kuma duk wanda ya saki ƙafarsa ya fita. Ɓaidu ya taɓa ganin gumi ya sa ƙafa ta suɓuce wa Nomau. Sai ya yanko ɗanyar fatar ɓauna, ya ɗaure idon sawun Nomau da ƙugunsa, ya rufe da wando. Kuma kar wani ya ce bai sani ba! Kowane maharbi ya san ɗanyar fata tana matsewa in ta sha rana.

Da azahar Nomau ya tsallako bakin fili, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Kawu, don Allah kwance ni. Ba na jin ƙafar."

"Kawo mana fadama tukuna."

Ya kawo. Da aka kwance, ƙafar ta yi baƙi ƙirin. Bayan kwana huɗu wanzami ya yanke ta daga gwiwa.

Da kaka ta zagayo, Nomau ya dogaro sanda zuwa fili.

"Kawu, har yanzu ina iya tsalle."

Ɓaidu ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗan langa ƙafa yake riƙewa. Kai me za ka riƙe?"

A rabon fadamar ma ba a ba Nomau ko kunya ɗaya ba, wai gurgu ba ya noma. Abin nan har gobe yana ƙona mini rai.

Ƙungiyar tana nan. Har yau kafin a fara wasa, alƙali yakan durƙusa ya shafa idon sawun kowane ɗan wasa don jin ko an ɗaure shi, ana kiran hakan duban Nomau. Samari kan yi ta dariya, wai cakulkuli ne.