Salih da Datar Mahaifiyarsa

Akwai wani saurayi a unguwar Alsawra ta Omdurman, sunansa Salih, yana karatun kwamfuta a wata jami'a a Khartum. Jikan alhazan Kano ne da suka yada zango a Sudan ba su koma ba. A gida Hausa ake yi, amma da ya tsallake gada zuwa Khartum sai ka rantse bai san ko "sannu" ba.

Wata Laraba malaminsu ya ce kowa ya sa manhajar rubuta shirye-shiryen waya a kwamfutarsa, abu mai nauyin giga huɗu. Al'adar ajin kuwa, mutum ɗaya ke saukewa, sauran su kwafa a filashi, don data ta yi tsada.

Zainul'abidin, ɗan ajinsu mai tura baro a Kasuwar Libiya bayan darasi, ya miƙo masa filashi a gaban mutane, ya ce da Hausa, "Ɗan'uwa, ungo ka kwafa, kada ka ƙona kuɗin datarka a banza."

Salih ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ya amsa da Larabci, "Ya zol, ban gane me kake faɗa ba. Muna da intanet a gida."

Intanet ɗin da yake taƙama da shi, datar wayar mahaifiyarsa Hajaratu ce. Mijinta Malam Alu yana kwance a asibiti a Alƙahira tare da 'yarsu Hanan, za a yi masa aikin zuciya ranar Asabar. Sun yi da shi zai kira ta bidiyo ranar Juma'a su gana. Don wannan kiran take tattalin datar, ko hoto ba ta buɗewa.

Da la'asar Salih ya ɗauki wayar tana wanke-wanke, ya jona da kwamfutarsa. Abu ya yi ta tafiya har kashi casa'in da ɗaya, sai ya tsaya cak. Data ta ƙare, manhaja ba ta sauka ba.

Ya mayar da wayar inda ya ɗauka, ya ja bakinsa. Ai Juma'a da saura, zai san yadda zai yi.

Hajaratu ba ta karatu, ba ta san wayar ta zama fanko ba. Ranar Alhamis ta wuni tana cewa, "Yau shiru, ko saƙon Hanan babu."

"Shabaka ce, Yumma, sabis ɗin waya ba shi da kyau," in ji Salih, idonsa a ƙasa.

Da safiyar Juma'a ya samu ya sa data. Saƙonni suka fara shigowa a jere. Kira bakwai da aka rasa, duk na Alhamis da hantsi. Ashe jikin Malam ya rikice, likitoci suka matso da aikin. Sai saƙon murya na daƙiƙa tara, muryar Malam a shaƙe:

"Hajaratu, na kira, na kira, ban same ku ba. Za a shiga da ni. Ki yafe mini."

Saƙon da ke binsa na Hanan ne, kuka ne zalla. Malam bai farka daga aikin ba.

Salih ya durƙusa ya faɗa mata komai. Wallahi da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta sa ya sake kunna mata muryar, ta ce wa wayar, "Na yafe, Malam." Sannan ta dube shi.

"To, abin karatun naka ya sauka kuwa?"

"Bai sauka ba, Yumma."

Darasi: Wanda ya ji kunyar asalinsa har ya ture hannun ɗan'uwa, mutanen gidansa ne ke ɗaukar asarar. In ka yi ɓarna kuma, faɗe ta tun ana iya gyarawa. Ku tura wa ɗaliban gidanku su karanta.