Ranar da Insaf Ta Kai Jaje Gidan Faccalarta

Akwai wata baiwar Allah a garin Mansura na ƙasar Masar, ana ce mata Umm Hazim. Ɗanta Hazim injiniya ne a kamfanin siminti, amma kullum sai ya dawo gida fuska a murtuke, ko abinci ba ya iya ci. Rannan kawai ya ajiye aikin, ya koma jami'a neman digiri na biyu a falsafa.

Uwar ta yi kuka har ta gaji. Amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bakin faccalarta Insaf.

"Umm Hazim, ina babban mai tunanin namu? Ya gano dalilin zuwanmu duniya, ko har yanzu ke ce mai saya masa burodi?"

A gaban mata take faɗa, a kwashe da dariya. Umm Hazim ta haɗiye, amma ta rantse a ranta sai ta rama.

Da ranar kare kundinsa ta matso, Hazim ya ce, "Mama, kada ki tsorata. Malaman nan sai sun yi wa ɗalibi kaca-kaca a gaban jama'a kafin su faɗi sakamako. Haka ake yi wa kowa."

Ta ce to. Ta tafi da ƙafarta ta gayyato Insaf, ta zaunar da ita a layin gaba. Wancan bayani kuwa ba ta yi mata ba.

Aka fara. Wani dattijon malami ya buga tebur. "Wannan babin, da hankalinka ka rubuta shi?" Na biyu ya fi shi zafi. Duk da ta sani, Umm Hazim sai salati take ta yi a ɓoye.

Insaf ta miƙe tana gyara mayafi. "Ni dai ba zan iya kallon wannan tozarcin ba, 'yar'uwa."

Ta fice tun ba a faɗi sakamako ba. Kafin la'asar har ta zaga unguwa kaf da labarin Hazim ya faɗi. Ta tattaro mata, wai a je jaje.

Tun daga matakala suka jiyo guɗa. Ashe malaman sun ba Hazim daraja mafi girma, dattijon nan har da rungumarsa.

Umm Hazim ta buɗe ƙofa riƙe da tiren jan sharbat, abin shan da ake rabawa ranar murna, ta dangwara wa Insaf a hannu.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Tunda ke kika gayyato su, ke za ki raba musu. Kowacce kuma ki faɗa mata abin da ake murna a kai."

Haka Insaf ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana miƙa musu kofuna.

Darasi: Kada ki mayar da ɗan wani abin dariya don ya bar hanyar da kika sani, kuma kada ki yi gaggawar yaɗa faɗuwar mutum. Mu iyaye, tsoron da ke cikinmu ma ya ishe mu. Don Allah ku tura wa sauran iyaye mata.