Igiyar Saniyar Nula

Dalilin da ya sa gonakin ƙasar Ayilan ke da wasu kewayayyun tuddan ƙasa masu bishiyar ƙaya a tsakiya, waɗanda garma ba ta taɓawa, ku matso ku ji, yara. Saniya ce ta zana su.

A can da, mutanen ɓoye na ƙasar suna zaune ne a ƙarƙashin gonaki, babu alamar da ke nuna gidajensu. Ba sa so a kira su aljanu, sai dai a ce Mutanen Kirki. To akwai wata mata, Nula, mai saniya ɗaya tak, da nononta take ciyar da 'ya'ya huɗu. Mijinta Fintan manomi ne mai haɗamar ƙasa, ko taku ɗaya ba ya bari ya huta.

Wata shekara ya faɗaɗa gona har gindin dutse. Tun daga ranar nonon saniya ya ƙafe ƙaf. Ga sanyi na tahowa, yara sun fara ramewa, hankalin Nula ya tashi. Ta ja saniyar zuwa gefen sabuwar gonar ko ciyawar can za ta taimaka, sai ta tarar da wata 'yar tsohuwa, tsayinta bai wuce turmi ba, tana kakkaɓe ƙasa daga gashinta.

Nula ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta ce, "Garmar mijinki ta kankare min rufin ɗaki. Kwana tara ƙasa na zuba a madarar jikokina, shi ya sa na ɗauke taku."

Kunya ta kama Nula. Ta nemi gafara, ta tambayi iyakar gidan. Tsohuwar ta ce ita daga ciki ta san gidanta, ba ta san faɗinsa daga sama ba. A dai kafa turke a nan a ɗaure saniya, duk inda igiya ta kai nasu ne.

Nula ta kira Fintan ta gaya masa, yana jin haka ya zaro wuƙa zai rage igiyar, kun dai san halinsa. Nula ta riƙe masa hannu ta ce, "Maigida, taku uku na gona kake so, ko abincin 'ya'yanka?" Ya mayar da wuƙarsa kube. Ta kwance ɗamararta ta ƙulla a igiyar, ta ƙara mata tsawo.

Saniya ta fara kewaya turke, ƙasa na tasowa a bayan kofatonta har ta zama 'yar ganuwa. Kafin ta rufe zagayen, madara na ɗiga a ciyawa, Nula na dariya tana neman abin tarawa. Turken nan na itacen ƙaya kuwa ya yi saiwa ya tsiro. Daga nan duk wanda nonon saniyarsa ya ƙafe sai ya yi yadda Nula ta yi.

Shi ya sa har yau manomin Ayilan ke karkata garmarsa idan ya iso wurin. In kun ga kewayen ƙarami ne, miji ne ya auna igiyar.